Fallayen Zinariya Uku da Ke Jiran Wanki a Sito

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Kula da Kayan Gwaji

Daga:
Ɗalibar bincike, Ɗakin Gwajin Maganaɗisu, hawa na biyu

Alhamis, 17 ga Oktoba

Game da: Kwashe fallayen gwajina, da roƙon a dakatar da wanke ukun da suka rage

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina neman izinin kawo kukana gabanka kamar haka.

1. Aikina shi ne liƙa wasu ƙwayoyin sinadari a kan fallen gilashi mai rufin zinariya. Kowace ƙwaya maganaɗisu ce ita kaɗai, amma da zarar ta taɓa tsuran ƙarfe sai ƙarfinta ya gudu. Shekara biyu na yi ina nema mata shimfiɗar da za ta zauna a kai ba tare da ta manta kanta ba, har Allah Ya sa na dace a watan Agusta. Na haɗa fallaye tara, na rufe su uku-uku a gwangwanayen da aka zuƙe wa iska, domin iskar da muke shaƙa guba ce a gare su.

2. Ranar Litinin, 14 ga wata, ina asibiti wajen jinyar mahaifiyata, aka zo tattara duk fallen da ba a yi aiki da shi ba, bisa umarnin ofishinka. Baba mai sito ya leƙa ta gilashin murfi, ya ga zinariya fes tana sheƙi, ya ɗauka sababbi ne. Yallaɓai, ai haka aikin yake! Kaurinsa na ƙwaya ɗaya ne, ido ba ya ganinsa. Lambobina suna gindin gwangwani, inda kowa a ɗakinmu yake rubutawa don kada tawada ta kusanci murfi. Ba wanda ya juya ya duba.

3. Ranar Talata, 15 ga wata, aka wanke shida da asid, aka raba wa 'yan ajin farko su koyi aiki. Da idona na ga ɗaya a hannun wani ɗalibi, ya riƙe shi da tsuran yatsu yana duba haƙoransa a ciki. Matakala na fita na zauna.

4. Jiya na kai maganar ga mataimakinka. Ya saurare ni, ba zan yi masa ƙarya ba, amma ya ce in kwantar da hankalina tunda zinariyar ba ta ragu ba, in jira zaman kwamiti a ƙarshen wata. Alhali wanki na gaba ranar Litinin ne, 21 ga wata, kuma gwangwanin ƙarshe yana kan kantar sito cikin layin masu jira.

5. An ba ni ranar 4 ga Nuwamba in gwada fallayen a babban injin sanyi, wanda shi kaɗai zai nuna ko ƙwayoyin sun riƙe ƙarfinsu. Layi ba ya zagayowa sai shekara, wa'adin karatuna kuwa Disamba ne. Sinadarin ya ƙare, haɗa wani aikin watanni ne. Na karanta labarin masu bincike da dama da aikinsu ya salwanta, ina tausaya musu daga nesa. Ashe zafin ba a takarda yake ba.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon a ba sito umarni a rubuce kafin tashi aiki gobe Juma'a, a fitar da gwangwanin daga layi a damƙa mini shi hannu da hannu. Ba na neman a hukunta Baba. Umarni ya bi, kuma tun ranar ba ya iya haɗa ido da ni.

Abu ɗaya na fi tsoro, Yallaɓai. Don girman Allah, kada wani ya buɗe murfin da niyyar tabbatar da maganata. Ba abin da zai gani, kuma buɗewar ce za ta kashe su.

Allah Ya ƙara girma, Ya ja zamaninka.

Taka mai biyayya,
(sa hannu)
Ɗalibar bincike, teburin kusa da taga