Ranar da Motarka ta Kafe a Kwari

Omdurman, Sudan

Zuwa ga Yaya Jafaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka a can Jidda. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a nemanka. Mu ma lafiya lau, alhamdu lillahi. Babban labari shi ne mun dawo gida. Yau kwananmu tara a Omdurman, bayan shekara biyu a ƙauyen dangin maigidana Abdulmun'im. Inna ta rame, ƙafafunta na kumbura, amma tun da ta ga gidanta take cin abinci.

Boksinka, motar nan taka mai buɗaɗɗen baya, shi ne ya kawo mu. Duk tsawon yaƙin yana ɓoye a bayan rumbu, an lulluɓe shi da kara. Da muka yi niyyar tahowa aka sa masa batir da mai, ya tashi a bugu na uku. Abdulmun'im ne ya ja motar, ka san shi tela ne, tuƙinsa na kan kwalta ne kawai. Inna na gaba, ni da yarana su Samah muna baya a kan kaya.

Wajen azahar muka iso wani kwari mai yashi. An yi ruwa a yankin da safe, yashin ya jiƙe. Muna tsakiya motar ta kafe. Abdulmun'im ya ja sandar dabal, wadda ke ba ƙafafun gaba ƙarfi, ya taka mai, amma na baya kaɗai ke juyawa, suna ta haƙa rami. Wani makiyayi daga bakin gaɓa ya ɗaga murya ya ce mu yi sauri, ruwan da aka yi a tudu yana tafe. Abdulmun'im ya ce dabal ɗin ya mutu, mu ɗauki Inna mu bar motar. Inna ta ce ba mai ɗaga ta daga motar ɗanta.

A nan na tuna lokacin da nake kai maka abincin rana garejinku na Alshajara. Wata rana na tambaye ka mene ne wannan abu mai kamar murfin gwangwani a cibiyar ƙafar gaba. Ka ce makulli ne. In yana sake, ƙafar na bin mota ne kawai, ba ruwanta da inji. Ko an ja sandar dabal, ƙarfen da ke ciki zai yi ta juyawa shi kaɗai, sai an murɗa makullin haƙoransa sun kama ƙafar. Ka kuma ja mini kunne cewa dole a kulle duka biyun, in ɗaya aka kulle ƙarfin zai tsere ta wanda aka bari.

Na diro na durƙusa a cikin laka. Duka biyun a sake suke. Na dama ya juya ba gardama. Na hagu ya ƙi, man cikinsa ya bushe, ƙura ta toshe shi. Na gwada har farcena ya tsage. Samah ta miƙo mini man riɗin da muke girki da shi, na zuba a gefensa, na ɗan bubbuga da ƙotar wuƙa, na naɗe hannuna da gefen mayafi na murɗa da dukkan ƙarfina. Ya juya. Na ce wa Abdulmun'im ya ɗan ja baya kaɗan don haƙoran su zauna, sannan ya tafi a hankali. Muka ji wani ƙas, sai ga ƙafafun gaba sun ciji yashi. Motar ta yunƙura ta haye. Ba mu gama sauke numfashi ba ruwan ya iso, ja wur, ɗauke da itatuwa, ya shafe ramin da muka bari.

Da muka hau kwalta na sa ya tsaya na sake makullan, don ka ce barin su a kulle yana shan mai, yana cinye ƙarafa. Da muka shigo gari Abdulmun'im ya ce daga yau ƙafafun gaba nawa ne.

Gidan mun same shi ba ƙofofi, ɗakinka rufinsa ya faɗi, amma bango na tsaye. Famfo bai dawo ba tukuna, don haka kullum da safe motarka ke ɗebo wa layinmu ruwa, gida goma sha ɗaya. Maƙwabta na dawowa ɗaya bayan ɗaya. Makullin hagu har yanzu yana tauri, ka rubuto mini irin man da ya dace da yadda ake buɗe shi, ni zan yi da hannuna. Inna kuma ta ce in gaya maka ɗakinka za a fara yi wa rufi kafin nata, kai ka san abin da take nufi, so take ka dawo gida.

Ka gaida Anti Rania, da yara Hazim da Hadil. Inna na sa muku albarka, Abdulmun'im da Samah suna gaisuwa. Allah ya haɗa fuskokinmu a tsakar gidan nan.

Ƙanwarka,
Hanadi