Wa Marwan Ya Zo Nema?

Jub Jannin, farkon Yuli

Zuwa ga Marwan,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida da 'yan ƙungiyarmu duka. Ka gaida Koci Antwan, ka ce masa gwiwar da aka yi wa aiki ta fara lanƙwasuwa. Likita ya ce kafin a koma jami'a zan ajiye sanda, amma ƙwallon kwando sai baɗi in Allah ya yarda.

Abu Ziyad direba ne zai kawo maka wannan takarda hannu da hannu. Kada ka bugo waya. Ka ga inda wayar gidanmu take, a falo, gefen kujerar Baba, kuma ko yana gyangyaɗi kunnensa a buɗe yake.

Yanzu ka gaya mini gaskiya. Ranar Lahadi wa ka zo dubawa?

Tun da motarka ta bar layinmu gidan nan ba shi da wata magana sai taka. Mama ta ce yaro ga tsawo ga ladabi. Goggo Siham ta ce ba a banza saurayi zai tuƙo mota daga Beirut, ya haye dutse da faranti cike da kunafa, kayan zaƙin nan mai cuku, wai don ya duba gurgu ba. Da aka kawo gahawa sai Baba ya tambaye ni sana'ar mahaifinka, da ko kuna da gida na kanku. Ka gane ai. Sun gama yanke cewa ƙanwata Lamis ka zo gani.

Da farko dariya na yi. Da na kwanta sai na fara tuno ranar. A ɗakina ka zauna a bakin gado kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa, ko hannuna ba ka taɓa ba. Amma da ka fita tsakar gida, ƙarƙashin inabi, har nan nake jin dariyarku, kana koya mata juya ƙwallo a kan yatsa.

Ni ka san ni. Ban taɓa kallon mace na ji abin da nake ji in na kalle ka ba. Kai kuwa da bakinka ka gaya mini zamanka da tsohuwar budurwarka Maya ba wasa ba ne, son ta ka yi da gaske. Ban taɓa riƙe wannan a raina ba sai yanzu. Kowa na cewa ni da Lamis kamarmu ɗaya. Ita kuma ana iya zuwa gidan ubanta da rana tsaka a nemi aurenta.

Ka huta lafiya.
Firas

Beirut, Yuli

Gurgu,

Ina gaishe ka, duk da ba ka cancanci gaisuwa ba. Yaya gwiwar? Yaya kan kuma? Don da alama har can ciwon ya hau.

A ɗakin canja kaya na buɗe takardarka, ina murna kamar sakarai. Karim ɗan ƙungiyarmu ya ce, "Kyaftin, wace ce?" Na ce babarsa ce. Da na karanta kuwa, na fita fili na zubar da jifa huɗu a jere, Koci ya tambaye ni ko na ci abinci.

Ban taɓa hannunka ba saboda goggonka tana tsaye a bakin ƙofa tana goge teburin da ba shi da ƙura. Na yi wasa da Lamis saboda ita ta ɗauko ƙwallonka ta ce in nuna mata. Me kake so in yi, in ce mata ba na kula mata? Kunafar kuwa kai ne ka dame ni da ita tun kana asibiti.

Maganar Maya ta yi mini zafi, Firas. I, na so ta. Kuma in da ban haɗu da kai ba wataƙila wata macen zan so, ko wani namijin, ban sani ba. Haka nake, ban ɓoye maka ba ko sau ɗaya. Amma ni na je na same ta na ce mu rabu, tana kuka a gaban mutane, saboda wani dogon banza mai kunnuwa kamar faranti da ba ya iya miƙa ƙwallo da hagu. Ka manta?

Tunda zargi muke yi, bari in yi nawa. Wa ya fara sa musu wannan tunanin? Kai ne ka taɓa ce mini da ma akwai wani dalili da zai sa in riƙa zuwa gidanku ba wanda zai ɗaga gira. To ga dalili ya samu. Da Babanka ya tambaye ka gidanmu, me ka ce masa? Ka ce, "Baba, ba haka ba ne"? Ko kuwa ka lissafa masa ɗakuna? Ba ka faɗa ba a takardarka, na duba har sau biyu.

Ka ci gaba da motsa ƙafar ko tana zafi. Wanda Koci ya sa a wurinka ba ya kallo kafin ya jefa mini ƙwallo, jiya a hanci na karɓa.

Naka, ko ka yarda ko kada ka yarda,
Marwan

Jub Jannin, Agusta

Zuwa ga Yaya Marwan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka yi haƙuri da wannan takarda. Ban saba rubuta wa namiji ba, kuma ba wanda ya san na rubuta sai Abu Ziyad, shi ma ce masa na yi saƙon Yaya Firas ne.

Na san ka ji abin da ake faɗa a gidanmu. Ba zan yi maka ƙarya ba, da na ji ban ji haushi ba. Har na bar Mama ta auna ni da sabon yadi.

Amma akwai abin da ban gane ba. Tun ranar da Baba ya ambaci sunanka a kan abinci, yayana ya daina ci. In na shiga ɗakinsa sai ya juya ya fuskanci bango. Shekaranjiya na ce masa, "Yaya, abokinka mutumin kirki ne?" Ya ce, "Babu kamarsa." Na ce, "To me ya sa kake kallona kamar na sace maka wani abu?" Sai ya ce in rufe masa ƙofa.

Na yi ta tunani. Ko kana shaye-shaye ne, yana rufa maka asiri? Ko kana da wata a Beirut? Ko ka shiga ɗaya daga cikin jam'iyyun nan masu yawo da bindiga a bayan mota? Ko kuwa shi ne ya yi wani abu, kai ka sani, yana tsoron in ka shigo gidan zai fito? Duk lokacin da Abu Ziyad ya yi oda a ƙofa, da sandarsa da komai yana riga ni isa.

Baba ya ce bayan an tsinke inabi zai aika a gayyaci mahaifinka shan gahawa. Kafin nan ina so in san me nake shiga. Ni ba yarinya ba ce, bana zan fara karatun haɗa magunguna. Ka faɗa mini ko da ba zai yi daɗi ba.

Ka gaida mahaifiyarka.
Lamis

Beirut, Agusta

Firas,

Gaisuwa. Ba ka amsa takardata ba, to ga wata.

Lamis ta rubuto mini. Tana tambaya ko ni ɗan ƙwaya ne ko ɗan bindiga. Ta ce an auna ta da sabon yadi. Firas, yarinyar nan ta fara sa rai, mu biyu kuma muna zaune muna zargin juna.

Na amsa mata da layi uku. Na ce ban zo neman aurenta ba, akwai wanda nake so tuntuni, sauran bayanin kuma ba nawa ba ne ni kaɗai. Ban ambaci sunanka ba. Ban kuma yi mata ƙarya ba, ba zan yi ba.

Tunda kana shakkar inda na tsaya, ga labari. Ranar Juma'a na gaya wa yayana Samir, wanda nake zaune a gidansa. Muna cin abincin rana ya sake kawo mini zancen wata ƙawar matarsa, sai kawai na faɗa. Na ce masa mata suna burge ni, maza ma haka, kuma wanda nake so yanzu namiji ne. Ya ajiye cokali ya ce, "Wane ne?" Na ce wannan ba zai ji ba. Ya ce in kwashe kayana kafin yaransa su dawo gida. Yanzu ina kwana a ƙasa a ɗakin Karim, na ce masa faɗa muka yi da Samir kan mota. Samir bai gaya wa iyayenmu ba tukuna. Ban san ko tausayi ba ne ko yana jiran lokaci.

Ban faɗa maka don in tilasta ka ba. Gidanku ba gidanmu ba ne, kuma kai ko gudu ba ka iya yi yanzu. Amma kada ka sake tambayata wa na zo dubawa.

Marwan

Jub Jannin, ƙarshen Agusta

Marwan nawa,

Ina gaishe ka, ina kuma ba ka haƙuri. Yaya bayanka da kwanan ƙasa?

Amsar tambayarka ta farko: da Baba ya tambaye ni, na lissafa masa ɗakunan. Har da baranda. Ban ƙirƙiro maganar ba, amma na bar ta ta girma, don a ranar na ji sauƙi da ba ni ake kallo ba.

Na gaya wa Lamis.

Jiya da hantsi ta raka ni tafiyar da likita ya ce in riƙa yi, har bakin gonar inabi. Tun da amsarka ta zo ba ta yi mini magana ba. Muka zauna a kan katangar dutse, ta ce, "Wace ce? Ka san ta ai."

Na ce, "Na sani."

Ta ce, "Ta fi ni kyau?"

Na ce, "Wallahi ba ta kai ki ba. Kunnuwanta kamar faranti, ga ta gurguwa."

Ta fara dariya, sai dariyar ta tsaya. Ta kalli sandata, ta kalli fuskata.

Ta ce, "Yaya, ba na son irin wannan wasan."

Na ce, "Ba wasa ba ne. Ni ya zo dubawa. Tun bara muke tare."

Ta ce, "Tare yaya?"

Na ce, "Yadda kike tunani."

Ta miƙe tsaye. Na zaci za ta kira ni da sunan da ake kiran irinmu, na ma shirya jin sa. Ba ta kira ba. Cewa ta yi, "Kana kwance kana ji ana auna ni da yadi. Kana ji Goggo tana zaɓen ranar biki. Ka bar ni na rubuta wa mutum takarda kamar wawiya." Tana faɗa tana kuka. Na ce tsoro ne. Ta ce, "Ni ma ai da ka ji tsoro domina." Ta juya ta tafi gida, ta bar ni na dawo ni kaɗai, ina tsayawa a kowace bishiya.

Tun daga lokacin ban san me ake ciki ba. Da la'asar na gan ta a kicin da Mama, kansu a haɗe, da na shigo suka yi shiru. Wataƙila maganar girki ce. Baba ya fita da safe bai ce ina kwana ba, amma wani lokacin haka yake. Kawuna Adil ya zo ya daɗe a falo da ƙofa a rufe. Duk takun da na ji a bakin ɗakina sai in miƙe zaune.

Na haɗa 'yar jaka na tura ƙarƙashin gado. In Abu Ziyad ya zo maka ba takarda, ka tambayi Karim ko ƙasan ɗakinsa zai ɗauki mutum biyu.

Abin mamaki, yau na ci abinci har na ƙara.

Naka,
Firas

Jub Jannin, Satumba

Marwan,

Gaisuwa. Na cire "Yaya" da gangan, sai ka sake cancanta.

Jiya na sami Baba na ce kada ya aika wa mahaifinka, ba na son ka. Ya tambayi dalili, na ce ka cika surutu kuma karatu nake so in yi. Ya yi faɗa, Goggo Siham ta ce zan tsufa a gida. Ban ce musu komai bayan wannan ba, kuma ba zan ce ba. Ba bakina ne zai faɗa ba.

Kada ka ɗauka na gane, ko na yarda. Ban sani ba tukuna. Ina sallah ina tambaya, ban sami amsa ba. Abin da na sani shi ne yayana ne, kuma na ga jakar da ya ɓoye, na zazzage ta na mayar da kayan cikin kwaba.

Ranar Asabar zai sauko Beirut ganin likita. Mama ta so ta raka shi, na ce ni zan je, ina da rajista a jami'a. Layin rajistar nan dogo ne, zai ci mini yini guda, ka ga ba zan iya zama da shi a asibiti ba. Motar Abu Ziyad tana isa tasha kafin azahar.

Ka zo da wuri. Ba ya iya tsayuwa da yawa, kuma ba zai taɓa faɗa maka ba.

Lamis