Ciwon Baba Ba Mura Ba Ne

Goggo Ladi,

Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Yaya jiki, yaya Legas, yaya yara?

Duk sanda kika kira, Baba yakan ce miki yana "under the weather", ku yi dariya. Malaminmu ya ce Turawa na faɗin haka ne don 'yar mura. Goggo, ba mura ba ce. Sati uku ke nan bai je coci ba, cittarsa tana gona ba a haƙa ba. Jiya sai da Mama ta ɗaga shi ya sha kunu. Ya ƙi asibiti, ya kuma hana mu faɗa miki.

Don Allah ki zo Kafanchan, maganarki kaɗai yake ji. Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. In kin yarda, zan sake rubuto miki yadda jikinsa yake, da Hausa.

'Yarki,
Rifkatu