Hoto Arba'in da Bakwai, Duka Naki

Zuwa ga fitilar unguwar Karewa da kewayenta, inuwar mangwaro a zafin Afrilu, sanyin da ke tasowa daga Binuwai bayan ruwan farko, wadda hasken goshinta ya fi ƙarfin kowace kyamara da aka taɓa shigo da ita Jimeta, Gimbiya Keturah, Allah ya ƙara miki daraja a kan wadda kike da ita.

Daga Hosea na unguwar Bekaji, mai ɗaukar hoton fostar fim, gwani a sana'arsa bisa shaidar mutane da dama, ciki har da shi kansa.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da ke, ina roƙon ki tuna Asabar da ta wuce, a kan yashin bakin kogi, ƙarƙashin gada. Ranar ce daraktanmu, Oga Hamajoɗa, ya damƙa mini aiki mafi girma a rayuwata: hoton fostar sabon fim ɗinmu, wadda za a manna a bayan kekuna masu ƙafa uku na garin nan, daga unguwar Gwadabawa har cikin Yola. Kin san fosta ita ke kiran mutum kallo tun bai san labarin ba. A ƙasanta kuma, cikin ƙananan haruffa, sunana zai fito. Ke kuwa ba kya cikin fim ɗin. Kin rako 'yar wasanmu Adda Kaltume ne kawai, kika tsaya riƙe da jakarta, taku uku bayan kafaɗar jaruminmu Albert.

Ya ke tauraruwata, da kin ga yadda na shirya kyamarar nan! ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, na ajiye shi a ɗari, domin rana ta wadata, ƙara shi kuwa sai hoto ya yi tsaki-tsaki kamar garin da ba a tankaɗe ba. Shata, wato fatar idon kyamara, na sa ta ƙifta cikin kashi ɗaya bisa ɗari biyar na daƙiƙa, yadda ko rigar da iska ke kaɗawa sai ta tsaya cak. Sannan na buɗe ƙofar haske har ƙarshenta, ɗaya da ɗigo takwas. A nan sirrin yake, kuma a nan ƙaddara ta same ni. Idan aka buɗe ta haka, kyamara abu ɗaya tak take zaɓa ta fito da shi tar, sauran duniya ta narkar da ita kamar man shanu a rana. Wanda ya riƙe ta shi ke gaya mata abin da za ta zaɓa.

Ina da wata ƙa'ida da duk abokan aikina suka sani: ba na duba gilashin bayan kyamara bayan kowane hoto. Wannan aikin masu koyo ne. Gwani ya san abin da ya ɗauka. Haka na danna sau arba'in da bakwai, Albert yana ta ɗaure fuska yana kallon nesa, gumi na bin wuyansa, ni kuma ina ce masa ya yi daidai.

Ranar Litinin muka buɗe hotunan a kwamfuta. Ya sanyin idona, me zan ce? Ga ki nan, kowane gashin girarki ana iya ƙirga shi, zanen atamfarki ya fito har da zaren, hasken la'asar ya kwanta a kumatunki kamar an aiko shi musamman. A gabanki kuwa akwai wani duhu mai siffar mutum. Wannan shi ne Albert. Muka wuce na biyu, haka. Na ashirin, haka. Albert ya tambaya ko akwai guda ɗaya da mahaifiyarsa za ta gane shi a ciki, aka rasa. Adda Kaltume ta yi dariya har sai da ta zauna a ƙasa. Oga Hamajoɗa kuwa ya ce: "Hosea, fim na sa ka tallata, ko neman aure?"

Ban sunkuyar da kai ba, kuma ba zan sunkuyar ba. Shin akwai kuskure a hasken? Babu. Akwai rawar hannu? Ko ɗaya. Duk wanda ya san sana'a zai shaida cewa ba a taɓa ɗaukar hoto irin wannan a bakin Binuwai ba. Laifin ido ne in ya ga hasken wata ya manta da fitilar ƙwai? Laifin ƙudan zuma ne in ya bar kara ya sauka a kan fure?

Sai dai darakta ba ya jin irin wannan hujja. Ya ba ni dama ɗaya, Asabar mai zuwa, wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Idan Albert ya sake narkewa, zai miƙa aikin ga wani mai hoton biki, mutumin da ke barin kyamara ta saita kanta da kanta. Ki yi tunani, Keturah: sunan wannan mutum a bayan kowace keke, yana wuce ƙofar gidanku safe da yamma!

Na gwada kaina, na san iyakata. Zan iya mallakar shata, zan iya mallakar ISO, amma yatsana ba ya bin umarnina muddin kina wurin. Saboda haka, ya ke wadda nake fatan gani kowace rana har tsufa ya tanƙwara ni, ga buƙatar da ta sa na ɗauki biro: don Allah, ranar Asabar, kada ki zo. Ki bar Adda Kaltume ta riƙe jakarta da kanta. In kuwa dole ne sai kin zo, ki tsaya a bayana, kuma kada ki yi tari.

Naki, wanda ba zai kalli wata ba har abada, sai dai Albert, na awa ɗaya,

Hosea