Ƙwaya Ba Gishiri Ba Ce

Daren Laraba, watan Rajab, Turba

Yau ma hadari ya haɗu ya watse, ko ɗigo. Gero na ƙonewa a tsaye. Amma ni hankalina kwance yake.

Tun bara nike shan ƙwayar tazarar haihuwa, don waɗanga shekaru ba na ƙarin baki ba ne. Kafin yau ban taɓa zuwa asibiti ba. In tawa ta ƙare sai in miƙa hannu ta kan darni, maƙwabciyata Hajara ta ba ni tata, yadda muke aron gishiri. Da jiri da ciwon kai sunka matsa mini, na ɗauka yunwa ce, na dinga jiƙa garin rogo da sukari ina sha. Ashe ciwo nike ƙara wa kaina.

Malamar asibiti a garin Isa ta auna ni yau da safe, tac ce jinina ya hau, sukari ma ya ɗaga. "Inna, irin wagga ƙwaya na iya ƙara hawan jini, ta wahal da zuciya, ta taɓa sukari, balle ga mai shekarunki. Ba kowa take karɓa ba." Ta canza mini wata hanya. Ban ji tsoro ba, haushin kaina kawai na ji.

Da magariba Hajara ta leƙo. "Yaya, akwai sauran ƙwaya? Tawa ta ƙare."

Nic ce, "Gishiri na nan, ga daddawa. Ƙwaya kam a'a. Gobe ki shirya, da kaina za ni raka ki a auna ki."

Ta tafi tana ƙunƙuni. Ta yi ta yi. Gara ta yi fushi da ni tana numfashi.