Gonar Tsohuwa a Ƙarƙashin Ruwa

Litinin, 7 ga Agusta

Yunsol ta dawo! Jikata ta dawo gida da zama, ba ziyara ba. Ta sami aiki a garin Seogwipo, nan kusa da mu, tana koya wa baƙi nutso da tukunyar iska. Na yi ta zagaya tsakar gida ban san abin da nake nema ba. Kifi biyar na gasa, alhali mu uku ne.

Malamarmu ta makarantar dare ta ce a riƙa rubuta ranakun farin ciki. Ga shi na rubuta. Shekara tara da fara riƙe alƙalami, har yau layina gangarawa yake yi.

Alhamis, 10 ga Agusta

Rigima da tsohuwar matata kuma, a kan maganar nan dai: ta bar nutso. Shekararta saba'in, hamsin da uku a cikin teku, ba tukunya ba komai, sai numfashin da ta shiga da shi. Bara da sanyi ta yi jinkirin fitowa, ina kan duwatsu ina ƙirga, har na wuce inda na saba tsayawa. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ɗanmu Sangpil ma kullum sai ya bugo daga Seoul: "Baba, ka hana ta mana." Kamar ana hana ta.

Ta ce, "Baban Sangpil, kai da gwiwarka ba ta taɓa jiƙewa ba? Je ka ga gonata da idonka. In ka gani ka ce in bari, na bari."

Yunsol ta ɗaga hannu. "Kaka, ka ji fa. Ni ce shaida."

Gaskiya ta faɗa. Ni mutumin gonar lemo ne. Ni na goyi yara, ni ke ɗauko ragarta daga bakin ruwa. Ciki kuwa, ban taɓa ba.

Laraba, 16 ga Agusta

Likita ya ce ƙirjina da kunnena lafiya lau. Na so ya sami wani abu.

Asabar, 19 ga Agusta

Shagon kayan nutso. Na nufi wata wuƙa mai kube, Yunsol ta janye ni. "Kaka, wa za ka yanka?" Ta ce mai koyo abu uku kawai zai saya nasa: gilashin fuska, ƙafar agwagwa, da abin da ake cizawa a baki. Tukunya, rigar roba da ɗamarar dalma duk aro za a yi, sai mutum ya tabbata zai ɗore.

Gilashi ba a zaɓensa da kyau. Ɗora shi ake a fuska ba tare da ɗaure igiya ba, a ja iska ta hanci. In ya manne, naka ne. Shida na gwada, shida suka faɗo. Mai shago ya duƙa ya leƙa ni, ya ce, "Dattijo, ba laifin gilashi ba ne, gashin bakin nan ne."

Shekara arba'in ina tare da gashin bakin nan.

Lahadi, 20 ga Agusta

Na aske. Tsohuwa ta shigo ta dube ni, ta ce, "Malam, mai gidan ya fita, sai ka dawo." Har yamma tana dariya ita kaɗai a kicin.

Asabar, 2 ga Satumba

Rana ta farko a tafkin koyo. Ruwa iya ƙirji. Da na cije abin baki, haƙoran robana na sama suka motsa, na miƙe ina tari. Yunsol ta sauya mini wani mai laushi, wanda ake tsomawa a ruwan zafi ya ɗauki siffar bakin mutum. Sai ga ni a durƙushe a ƙasan ruwa ina numfashi. Ina numfashi! Na ga yatsun ƙafata, na ga wani maɓalli da ya ɓace wa wani.

Yarinyar nan da na koya wa tafiya, yau ita ke riƙe da hannuna tana mini alamar "lafiya?" da yatsu. Na kusa kuka a cikin gilashi.

Doka ta farko, in ji ta: kada ka taɓa riƙe numfashi, in ba haka ba huhu ya fashe wajen tasowa. Na faɗa wa tsohuwa. Ta ce, "Oho. Ni na ƙare rayuwata ina koyon riƙewa, kai ana koya maka saki. Ai ka iya tun da, munsharinka shaida ne."

Alhamis, 14 ga Satumba

Jarrabawar takarda. Tambaya hamsin, na ci arba'in da ɗaya. Ni na karanta, ni na amsa, ba wanda ya karanta mini. Sai na kai wa malamarmu ta gani.

Asabar, 23 ga Satumba

Sau huɗu ke nan na shiga teku, a can Seogwipo inda aka yarda. Kunne ya daina zafi, na iya matse hanci in hura a hankali. Amma gonar tsohuwa daban ce. Ruwan ƙauyenmu na mata masu nutso ne, kuma ba sa barin mai tukunya ya shiga. Sun ce mai tukunya ba ya gajiya, zai kwashe a rana ɗaya abin da suke ci shekara.

Dole na je gabansu, su goma sha ɗaya, suna ɗinkin raga. Shugabarsu Ko Malsun ta ƙare mini kallo.

"Wannan ɗan saurayin fa, daga ina?"

Na ce, "Yaya, ni ne dai. Kallo kawai nake roƙo."

"Haka ɓarayin katantanwa duk suke cewa."

Tsohuwa tana gefe, ko kai ba ta ɗaga ba. A ƙarshe suka yarda: sau ɗaya, bayan an buɗe kamun katantanwa, hannuna a rungume, in na fito kuma za su caje ni. Wata ta ce ita za ta caje wando. Na fito cike da kunya.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Iska. An ɗaga shigata ruwan.

Talata, 10 ga Oktoba

Na gani.

Zurfin mita takwas. Na durƙusa a kan yashi kusa da wani baƙin dutse, Yunsol tana riƙe da ɗamarata. Ciyawar teku ta fi ni tsawo, tana kaɗawa. Can sama ina hango goran da tsohuwa ke hutawa a kai yana yawo a kan ruwa.

Sai ga ta ta taho, kai a ƙasa.

Ban san yadda zan rubuta ba. Matar nan da ke dafa bango kafin ta miƙe, wadda nake shafa wa magani a gwiwa kowace safiya. A can babu gwiwa, babu ƙusumbi. Ta sulalo kamar ranar da na fara ganinta. Hannunta ya san kowane rami, ba ta ko dubawa. Ta ciro katantanwa ɗaya, ta auna da yatsa, ƙarama ce, ta mayar da ita inda take, ta juya mata baki ƙasa.

A saukowa ta huɗu ta ga wata babba a can cikin tsaga. Ta miƙa hannu, saura kaɗan. Ni a raina ina cewa ƙara, ƙara! Sai ta janye hannu. Ta bar ta, ta tashi sama a hankali, ba gaggawa. Ni na ja numfashi goma sha ɗaya, ita ko ɗaya. Ta huta a kan goranta, ta dawo, ta ɗauka.

Da za ta wuce ta ƙwanƙwasa mini gilashi sau biyu.

A bakin ruwa sun caje ni, ba su sami komai ba sai majina. Tsohuwa ta ce, "Ka cika mini gona da kumfa." Ba ta tambaye ni komai ba. Ni ma ban ce ta bari ba.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Sangpil ya bugo. "Baba, ka gani, to yanzu sai ka faɗa mata." Na ce masa lemo ya fara nuna, bana zai yi zaƙi. Ya ce ba shi ya tambaya ba. Na ce waya ba ta fita sosai.

Tsoron yana nan, ba zan yi ƙarya a littafina ba. Yau ma na ƙirga a kan duwatsu.

Litinin, 16 ga Oktoba

An fara tsinkar lemo a gonar ƙasa. Yunsol ta ce Asabar za ta kai ni wani tsibiri, wai akwai murjani mai laushi kala-kala.

Mai ɗinka rigunan roba ya zo auna mata masu nutso. Tsohuwa ta tafi asibiti karɓo maganin gwiwa, sai na je kawai don kada mutumin ya yi zuwan banza. Awonta yana cikin littafinsa. Na ce ya ƙara kauri a ƙirji saboda sanyi.

Ya ce, "Dattijo, irin wannan fa sai ta shekara uku ba ta mutu ba."

Na ce ya ɗinka.