Samfurin da Bai Dawo Ba

Bunkure, 4 ga Maris

Zuwa ga Malam Amiru, mai sayar da kaset ɗin gem na hannu a onlayin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka shiga azumi lafiya. Ya kasuwa, ya mutanen gida?

Sunana Badamasi. Ni ne wanda ƙanwarsa Muhsina ta yi maka magana da wayarta makon jiya a kan kaset ɗin ƙwallo. Na yi ta kiran lambarka ba ka ɗauka, shi ya sa na saka takardar nan cikin kwalin da nake maido maka. Maikuɗi direba zai ajiye a tasha, wurin da kake karɓar saƙo. Ka yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na tsaya.

Kaset ɗinka ya iso. Gidansa yana ƙyalli, har da leda, kuma a ƙarƙashin hoton da ka nuna wa Muhsina ka rubuta “kamar sabo”. Da na juya cikinsa sai na ga layuka kamar an ja shi a kan kwalta daga Kano zuwa nan. Duk da haka na sa shi a mashin. Fili ya fito, 'yan ƙwallo suka fito suka jeru, alƙalin wasa ya ɗaga hannu. Har yanzu bai sauke ba. Na ba shi minti arba'in. Na goge da rigata, na goge da auduga, wani ya ce a shafa man goge baki, na shafa. Hannunsa yana sama.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Na haɗo maka da tsohon kaset ɗina a saƙon farko. Mu a nan, in wani abu ya lalace a injin ban-ruwa ba ma tsayawa kwatance. Cire shi muke yi mu ba direba ya kai Kano, mai shago ya duba ya ba da irinsa, a dawo mana da duka biyun. Haka na yi maka, don kada ka aiko wanda ba ya shiga mashin ɗina. Samfur ne, ba kyauta ba ce, kuma bai dawo ba. Tsoho ne amma lafiyarsa ƙalau, shi kaɗai yake riƙe da gidan gem ɗina shekara biyu.

Gidan gem ɗin a rumfar Baffana Iliyasu yake, a bakin gadar kanal ɗin ban-ruwa. Aro ya ba ni, ba da son ransa ba. Ya ce in Sallah ta zo bai ga mutane a ciki ba, albasarsa zai zuba, don ta kusa isa cira. Ni kuma na riga na sanar da gasa kashegarin Sallah, matasa goma sha shida sun ba da suna. Yau kwana shida talabijin tawa a kashe take.

Don Allah ka maido min nawa. In ka samu mai aiki na sabon, ka haɗo. In babu, nawa ya ishe ni.

Na gode. A sha ruwa lafiya.

Badamasi, mai gidan gem na bakin gada

Kano, 8 ga Maris

Salam, Oga Badamasi.

Ya ibada? Na ga takarda, na daɗe ban ga an yi min irin wannan ba, har na nuna wa abokaina.

Kayanmu duk sai an yi testin kafin su fita. Matsalar daga wajenku take. Wutar janaretan ƙauye ba ta riƙe irin waɗannan gem ɗin, kuma na tabbata mashin ɗinka ya sha ƙasa. Ƙa'idarmu ba a maido kaya, amma saboda darajar watan nan na karɓa.

Maganar samfur ban gane ta ba. Mu a onlayin babu wani abu samfur, wannan ba shagon sifiya ba ne. Zan sa a duba sito, in an gani za ka ji. Na ƙwallo sun ƙare. Na sa maka wani a madadinsa, orijinal, kuma na zaɓo wanda zai fi dacewa da mutanenku. Ka daina kira, ina bizi.

Sai anjima,
Amiru

Bunkure, 13 ga Maris

Zuwa ga Malam Amiru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da abokanka da suka taya ka karatu.

Da sola nake aiki, ba janareta ba. Kafin in maido maka wancan kaset ɗin na hau mashin na kai shi gidan gem na Kura, muka gwada a mashin ɗin gem ɗinsu. Can ma hannun alƙalin bai sauka ba. Na ga ya kamata ka sani.

Wanda ka zaɓo mana ya iso, kuma wannan yana aiki. Gem ɗin noma ne. Tarakta ce kore a wata gona da ba ta da iyaka, ana ba ka umarni da wani yaren Turawa da ko malamin firamarenmu ya ce bai taɓa gani ba.

Bari in gaya maka su wane ne kwastomomina, tunda ka yi mana tunani. Mutane ne da suke shiga taɓo tun da hantsi, suna buɗe ruwa suna tosheshi, suna ɗaukar kwandon tumatir a ka zuwa bakin titi, da azumi a bakinsu. In la'asar ta yi su wanke ƙafa su zo wajena don su manta da gona na awa ɗaya. Jiya na miƙa wa ɗayansu, Maharazu, fad ɗin da ake dannawa, ya dubi talabijin, ya dube ni, ya ce, “Badamasi, ni zan biya ka in yi maka huɗa?” Ya ajiye ya fita, sauran suka bi shi.

Mutum ɗaya ne ya zauna, Baffa Iliyasu. Ya leƙo ne ya auna rumfar da ƙafa, sai ya tsaya yana kallo. Ya ga an shuka alkama ta nuna kafin a gama alwala. Ya ce, “Wa yake ba su ruwa?” Na ce ba kowa, Baffa. Ya ce, “Ba layi, ba rigima da na gaba?” Na ce babu. Ya ce to wannan ba noma ba ne, ƙarya ce. Ya ƙarasa awonsa, taku tara da shida, ya tafi.

Ban maido maka tarakta ba, don na lura abin da ya shiga hannunka ba ya sanin hanyar gida. Zan taimaka wa masu duba sitonka. A bayan gidan kaset ɗina akwai harafin B da jan fenti, da ɗigo biyu a ƙarƙashi. Da shi nake yi wa buhunana alama don kada su cakuɗe da na mutane a mota. Ba ya gogewa. Ko wanda bai yi aji shida ba zai gane shi.

Saura kwana goma sha bakwai Sallah. Ina jira.

Allah ya karɓi ibada.

Badamasi

Kumbotso, 18 ga Maris

Yaya Badamasi,

Assalamu alaikum. Ina wuni, ya azumi, ya su Inna? Ka gaishe da Baffa, amma kada ka ce ni na ce, kada ya tuna min maganar ban zo hutu ba.

Tunda wayarka ba ta buɗe hoto, dole in rubuto maka. Yaya, na ga kaset ɗinka. Mutumin nan ya yi min bulokin, amma ƙawata Baraka tana bin shafinsa, ita ta nuna min. Ya ɗora shi a kan farin kafet ya ɗauka, ya rubuta wai orijinal ne daga Landan, mai shi sau biyu kawai ya kunna. Ga B ɗinka nan ja wur da ɗigonta biyu. Wani ya tambaye shi a ƙasa wannan jan fentin fa, ya ce tambarin kamfani ne, 'yan kaɗan aka buga masu shi. Yaya, ashe kamfani gare mu a gida ban sani ba. Fentin da ka ɓata min hijabi da shi bara, yau ya zama na Landan.

Na yi dariya, daga baya kuma raina ya ɓaci. Ni na nemo maka shi, na ga mabiyansa da yawa na ɗauka mutumin kirki ne. Amma kai ma, Yaya, tsakani da Allah, wa ya ce ka aika wa ɗan onlayin samfur? Da ka tambaye ni. Mutumin da ba ka san fuskarsa ba ka ɗauke shi kamar Alhajin da kuke sayen kan famfo a wajensa.

Na je tashar na tambayi shagonsa. Suka ce ba shi da shago, a mashin yake zuwa ya ɗauki kwali ya ajiye kwali, ko hular kwano ba ya cirewa. Sito kuwa, wani ɗan kamasho ya ce jakar bayansa ce.

Ga shawarata. Bai san lambar Baraka ba. Mu saya da sunanta, a ajiye mana a tasha, in ba Maikuɗi ya kawo maka. Na san abin haushi ne. Ka faɗa min.

Ƙanwarka,
Muhsina

Bunkure, 21 ga Maris

Muhsina,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya. Inna ta ce ki rage shan ƙanƙara in an sha ruwa. Baffa kuwa bai tambaye ki ba, hankalinsa yana kan albasa. An fara cira shekaranjiya, tana shanye a gona, kullum sai ya wuce ta gaban rumfar ya yi min sallama da murya mai daɗi. Tun da nake bai taɓa yi min irin wannan sallamar ba.

Kada ki ɗora wa kanki laifi. Ni na cire kaset daga mashin da hannuna, na naɗe shi a tsumma don kada ya goge a hanya, na ce wa Maikuɗi ya sa shi a gaban mota kada rana ta taɓa shi. Da gatansa na kai wa ɓarawo.

Na yi kwana biyu ina juya maganarki. Mutum ya sayi abinsa daga hannun wanda ya ɗauke masa, har ya yi godiya a ƙarshen ciniki. In Maharazu ya ji wannan na shiga uku a majalisa har damina. Amma sunaye goma sha shida suna nan manne a jikin rumfa, kuma babu wanda ya zo ya goge nasa. Suna wucewa su duba takardar su dube ni.

Ku saya. Abin da ake buƙata yana wajen Maikuɗi. Baraka ta ce masa wanda yake hoton take so, mai jan tambari, ba wani ba. Kada ta yi tayi da yawa har ya yi zargi. Ta yabi Landan ɗin ma in ta kama.

Allah ya yi miki albarka.

Yayanki,
Badamasi

Kumbotso, 27 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Sai yau ya ajiye, bayan ya yi ta ja mana rai. Na buɗe a nan tasha a gaban Maikuɗi.

Gidan naka ne, da B da ɗigo biyu. Na ciki ba naka ba ne. Duk layi ne a jikinsa, kuma da na kai shi hanci na ji ƙamshin man goge baki. Ina jin ka san shi.

Baraka ta kira, ya ce matsalar daga mashin ɗinta take, ya kashe. Yanzu ita ma ya yi mata bulokin. Ya sake ɗora wani hoton, naka ne tsirara ba gida, wai daga Dubai.

Kada ka ce a sake. Ina zuwa jajibere, mu yi magana.

Muhsina

Bunkure, 11 ga Mayu

Malam Amiru,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, ko da ta daɗe da wucewa.

Ba roƙo na zo yi ba. Albasa ta cika rumfa har rufi, talabijin tana ƙarƙashin gadon Inna. Mutum goma sha shidan sun yi gasarsu a Kura, an ce ta yi kyau. Ni yanzu ina gadin shinkafar ranin Baffa, ta fara fitar da kai, tsuntsaye sun sauko mata.

Kaset biyun da ka sayar min na ɗaure su a igiya na rataye a tsakiyar gona. In rana ta doke su suna walƙiya har daga bakin titi ana hangowa. Kwana huɗu tsuntsayen suka yi ba sa kusantar wajen. A na biyar suka gane babu komai a ciki, yanzu a kan igiyar suke sauka su huta.

Su tsuntsayen sau ɗaya ka yi musu. Ni sai da ka yi min sau uku.

Na bar ka da Allah.

Badamasi